RA'AYI: Ma'aikaci ya koma kan babur, amma ya baro hular kwano da sifana a baya

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya shelanta cewa tallafin man fetur ya tafi, lissafin zuwa aiki ya sauya wa ma'aikacin gwamnatin tarayya. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma Naira 537 a Abuja cikin kwana biyu, sannan ta haura Naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. Mafi ƙarancin albashi kuwa sai a watan Yuli na 2024 ya kai Naira 70,000. Duk wanda ke zaune a Mararaba ko Kubwa ko Lugbe ko Suleja ya ga inda wannan lissafi ya ƙare. Motoci da dama sun kwanta a ƙofar gida, an lulluɓe su da tamfol, tayoyinsu sun sace. Masu su sun koma bin motar haya, wasu kuma suka sayi babur, domin ƙaramin babur kan yi tafiyar kilomita 40 ko fiye da lita guda, alhali tsohuwar motar ma'aikaci da ƙyar take haura 10 a cunkoson Nyanya. A garuruwan kewayen Abuja babur ne ke kai yara makaranta, ya kai maigida tasha. A sakatariyoyin tarayya na Kano da Kaduna da Sakkwato da Bauci kuwa, wurin ajiye babura ya daɗe da cika.

Wannan ba shi ne karo na farko da ma'aikaci ya hau babur ba. Dattawan da suka ci moriyar ƙarin albashin Udoji a 1975 suna tuna yadda Honda da Yamaha da Suzuki da Basfa suka cika titunan Kaduna da Zariya. A wancan zamani babur alamar arziki ce da wayewa. Mai shi kan wanke shi da kansa ranar Asabar, ya goge salansa har ya ga fuskarsa a jiki, kuma a ƙarƙashin kujera ko a ɗan akwatin gefe akwai ƙunshin kayan gyara da kamfani ya haɗo da shi: sifana biyu ko uku, filaya, sukundireba da abin kwance fulogi. Ya san amfanin kowanne. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, sana'ar acaɓa ta bunƙasa, sai babur ya zama abin neman na cefane. Darajarsa ta faɗi, kulawar da ake ba shi ta bi ta. Yau ma'aikaci ya dawo kan babur ba da son ransa ba, yana kallonsa a matsayin abin rufin asiri na ɗan lokaci, kuma abin da mutum ke jin kunyar mallakarsa ba ya koyon sirrinsa.

Akwai wasu mutane da suka riƙe wancan tsohon ladabi, kuma su ne waɗanda jama'a suka fi harara: masu sha'awar hawan manyan babura, da ake gani ƙungiya-ƙungiya a ƙarshen mako a Abuja da Legas da Kaduna da Kano. Ƙorafin da ake yi a kansu ba ƙarya ba ne. A cikinsu akwai 'ya'yan masu hali da ke mayar da titin filin jirgin sama fagen tsere, akwai masu cire abin rage ƙarar salansa don su tashi unguwa daga barci da tsakar dare. Waɗannan hukuma ce maganinsu. Sai dai wanda ya tsaya kusa da na kirki daga cikinsu kafin su kama hanya zai ga abin da ya kamata a ce yana gani a kowace ƙofar gida da ke da babur. Mutum ne zai durƙusa gaban mashin ɗinsa, ya auna iskar taya da geji, ya taɓa kaca ya ji ko ta saki, ya duba baƙin mai, ya matsa birkin gaba da na baya, ya kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan ba ya cin minti biyar. Sannan ya sa riga mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da gadon baya, ya sa safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, ya ɗaure hular kwano har sai ya ji igiyar ta kama haɓa. Kunle Adeyanju, wanda ya taso daga Landan ya iso Legas a kan babur a watan Mayun 2022 bayan tafiyar kimanin kwana 40 don wayar da kai kan cutar shan inna, ya ratsa hamada da ƙasashe fiye da goma. Irin wannan tafiya ba ta yiwuwa ga wanda bai san abin da ke tsakanin ƙafafunsa ba.

Hujjar wannan rubutu ita ce, abin da waɗancan ke yi don sha'awa, ma'aikacin da ke hawa don larura ya fi su buƙatarsa. Su sau ɗaya ko biyu suke fita a mako. Shi kuwa kullum yana kan titi, safe da yamma, a daidai lokacin da direbobi suka fi gaggawa da gajiya, sau da yawa da yara biyu a bayansa. Kuma idan tsautsayi ya faɗa, ba ɗaya suke ba. A daren 26 ga Disamba, 2017, ɗan Shugaban Ƙasa na lokacin, Yusuf Buhari, ya yi hatsari da babban babur a Gwarimpa, ya ji rauni a kai tare da karaya. An yi masa aiki a Abuja, daga baya aka fita da shi waje, Allah ya ba shi lafiya. Akawu mai matakin albashi na shida da ya faɗi a mahaɗar Dei-Dei ba shi da wannan gata. Abin da zai tsaya masa shi ne abin da ya sa a kansa kafin ya bar gida.

Tarihin hular kwano a ƙasar nan abin dariya ne mai ɗaci. Ranar 1 ga Janairu, 2009, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta sanya ta ga mai tuƙi da wanda ya goya. Farashinta ya tashi nan take. 'Yan acaɓa suka fito da ƙwarya a ka, wasu da bokitin fenti, wasu da tukunya an ɗaure da igiya, har labarin ya zaga kafafen yaɗa labarai na duniya. Fasinjoji suka ƙi sa hular da wani ya cire, wasu don tsoron cutar fata, wasu don jita-jitar cewa ana asirce ta a sace mutum. Bayan 'yan watanni kowa ya gaji. Abin da ya rage daga wannan yunƙuri shi ne mummunar fahimta, wato hular kwano takardar wucewa ce da ake nuna wa jami'i. Shi ya sa har gobe ake ganin ta rataye a madubi ko a gwiwar hannu, sai an hango shinge a ɗora ta a ka, ba tare da an ɗaure ba. Hular da ba a ɗaure ba kuwa tana riga mai ita isa ƙasa.

Alhali ilimin abin a bayyane yake. Nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2008, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi, ya nuna cewa hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, ta rage haɗarin rauni a kai da kimanin kashi 69. Amma wannan magana a kan hula ta gaske ake yin ta, kuma a nan ne masu sha'awar babura suka fi kowa sani. Ɓawon waje mai sheƙi ba shi ne ke ceton rai ba. Aikinsa ya hana abu mai tsini shiga, ya baza ƙarfin bugu. Mai ceton shi ne farin soso mai tauri da ke ƙarƙashinsa, ɗan'uwan wanda ake kare talabijin da shi a cikin kwali. Idan kai ya bugi kwalta, wannan soso ne ke murƙushewa a hankali, ya shanye bugun da zai girgiza ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai. Sau ɗaya yake wannan aiki. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama amfani ko da ba a ga tsaga a jikinta ba, don haka sayen ta gwanjo caca ce. Masu ƙera ta ma kan ba da shawarar a sauya ta bayan kimanin shekara biyar.

Yawancin abin da ake jerawa a bakin titi da sunan hular kwano ba shi da wannan soso, ko kuma yana da ɗan siriri da yatsa ke iya lotsawa. Hular leburori ta wurin gini, wadda da yawa ke hawa babur da ita, an yi ta ne don kare kai daga abin da zai faɗo daga sama, ba ta san faɗuwa a guje ba. Mai saye na iya duba alama: wadda ta cika ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 22 tana da ɗan ƙyalle da aka ɗinka a igiyarta, da harafin E da lamba a cikin da'ira. Ta Amurka tana da tambarin DOT a ƙeya, sai dai wannan sitika ce da kowace maɗaba'a za ta iya bugawa. Saboda haka hannu ya fi ido gaskiya. A ɗaga ta a ji nauyi, a zare ƙyallen ciki a ga kaurin soson, a ja igiyar da ƙarfi a ga ko za ta tsinke daga inda aka kafe ta. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, a nan kuwa ba ado kaɗai take hanawa ba.

Za a ce akwai zafi, kuma gaskiya ne. Wanda ya san Abuja a watan Maris ko Sakkwato a watan Afrilu ba zai yi wa kowa wa'azin rigar fata ba. Amma masu hawan nesa sun daɗe da warware wannan da riguna masu raga, waɗanda iska ke ratsawa, kariyar kuma na nan a gaɓoɓi. Wanda bai da kuɗin wannan ma yana da abin yi. Safar hannu mai kauri ba ta kai kuɗin lita biyar ba, kuma tafin hannu ne ke fara taɓa ƙasa idan mutum ya faɗi. Takalmi sau-ciki ya fi silifa, kowa ya san haka, amma a je a ƙirga masu silifa a kan babur da safiyar Litinin. Sai batun sutura, wanda littattafan Turawa ba su san da shi ba. Babbar riga da doguwar jallabiya da hijabi da mayafi duk suna iya shiga kaca ko wayoyin taya, su fizgo mutum ƙasa ko su shaƙe shi. Mata da yawa sun ji munanan raunuka ta wannan hanya. Maganin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a tattare suturar a zauna a kai, a tabbata murfin kaca na nan, domin bakanike kan cire shi ya ƙi mayarwa, a kuma sa ragar da ke rufe gefen tayar baya. Ita kuwa hular Zanna ko ƙube da ake tsoron kada ta lanƙwashe, jaka ce wurinta har a isa ofis.

Kayan kariya na aiki ne bayan an faɗi. Abin da ke hana faɗuwar shi ne lafiyar babur, kuma nan ne sakaci ya fi yawa, domin ba a ganinsa. Kaca ita ce misali mafi sauƙi. A yawancin ƙananan babura, idan aka tura ta da yatsa a tsakiya, motsinta sama da ƙasa bai kamata ya wuce santimita biyu zuwa uku ba. In ta saki ƙwarai tana iya gocewa daga haƙoranta ta maƙale tayar baya a tsakiyar titi. In ta yi tsauri kuma tana cin haƙoran, ta gajiyar da injin. Gyara ta sifana biyu ne da minti goma, sai a wanke ta da kananzir a sa mata mai. Iskar taya da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi, kuma adadin da ya dace a rubuce yake a jikin babur ko a littafinsa. Mai faci da ke buga taya da ƙarfe ya ce ta yi, kintace yake. Taya ma tana da ranar haihuwa. Lambobi huɗu ne a gefenta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe, ta daina kama ƙasa, kuma ruwan farko na damina, wanda ke taso da man da ya kwanta a kwalta tsawon rani, shi ke tona asirinta.

Baƙin mai kuwa shi ne inda ake cutar jahili da rana tsaka. Injin ƙaramin babur kusan lita ɗaya yake sha, ba shi da ruwan sanyaya shi sai iska, don haka man na wahala fiye da na mota. A yawancin babura masu giya, kuloci cikin wannan man yake iyo. Idan aka zuba masa man mota mai sinadarin ƙara santsi, sai kuloci ya fara zamewa, babur ya yi ta ihu ba ya tafiya. Abin da ake nema a jikin galan shi ne alamar JASO MA, da kaurin da littafin babur ya ambata. Wanda ke yin juye da hannunsa ya san abin da ya zuba, ya ga launin wanda ya fito, ya rubuta kwanan wata da lambar mita. Wanda ya miƙa makulli ya tafi shan shayi bai san ko daga galan mai hatimi aka zuba ba ko daga kwalbar da aka cika a bayan shago. Haka matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa cikin makonni kaɗan, babur ya riƙa shan mai kamar ana zubarwa, mai shi na zagin gidan mai.

Wani zai ce wannan kira ne a cire wa bakanike abinci daga baki. Ba haka ba ne. Bakanike nagari ya fi son mai babur da zai ce masa ƙarar daga ina take fitowa kuma yaushe ta fara, a kan wanda zai turo mashin bayan injin ya buga ya ce a yi masa dabara da Naira dubu biyu. Garambawul da sauya ringi da gyaran wuta duk aikinsa ne, kuma zai ci gaba da zama nasa. Wanda zai yi asara shi ne mai sa tsohon takalmin birki ya karɓi kuɗin sabo. Kasuwannin kayan gyara na Zuba da Apo da Ƙofar Ruwa cike suke da na gaske da na jabu a kanta ɗaya, kuma mai shago kan duba fuskar mai saye kafin ya miƙa hannu. Wanda ya taɓa kwance abu da kansa ba ya ɓoyuwa.

Akwai kuma wani alheri da wannan ɗabi'a ke jawowa, wanda masu sha'awar babura suka shaida a gidajensu: hannun da ya saba da sifana ba ya tsayawa a kan babur. Wannan ya shafi ma'aikacin tarayya fiye da kowa, saboda wani dalili na tarihi. Kafin gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ɓullo da tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi a 2003, mai zaune a gidan gwamnati in famfo ya lalace takarda yake rubutawa sashen ayyuka, ya jira. Daga 2005 aka fara sayar da gidajen gwamnati na Abuja, a zamanin ministancin Nasiru El-Rufa'i. Tun daga lokacin ma'aikaci ya zama shi ne sashen ayyukan gidansa, ko nasa ne ko na haya, sai dai babu wanda ya koya masa aikin. An bar shi da gida, an bar shi da tsohon tunanin cewa gyara aikin wani ne. Sakamakon shi ne famfon da ke ɗiga wata shida saboda 'yar robar da ba ta kai kuɗin burodi ba, da tankin bayan gida da ke zuba dare da rana, da ƙofar da ta sunkuya don kusoshi biyu sun saki, da indararon da ganye ya toshe har ruwa ya jiƙa bango. Kowanne daga cikinsu, in an kira mai gyara, kuɗin motarsa kaɗai ya fi kuɗin kayan. Janareta ƙarami ma ƙanen babur ne: fulogi, matatar iska, baƙin mai. Wanda ya iya ɗaya ya iya ɗayan. (Abin lura ne cewa a gidaje da dama akwai akwatin sarƙoƙi da agogo, amma in ana neman filaya sai an aika maƙwabta.)

Ya zama dole a ja layi a nan, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma bidiyon YouTube na sa mutum ya ɗauka ya ƙware cikin minti takwas. Sauya kwan fitila ko murfin soket bayan an kashe babban makunni abu ne mai sauƙi. Jan sabuwar waya, haɗa janareta ko inbata da wutar gida, da taɓa mita, aikin mai lasisi ne. Waya marar kauri da aka ɗora wa na'urar sanyaya ɗaki na daga cikin sanannun sabubban gobara, kuma janaretan da aka haɗa ba tare da makunnin sauyi ba yana iya tura wuta zuwa layin waje ya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya. Tukunyar gas ruwan sabulu ake gwada ta da shi, a ga ko zai yi kumfa a mahaɗar tiyo, ba a kusantar ta da ashana. Kuma injin, na babur ne ko na janareta, ba a barinsa a kunne a rufaffen wuri. Hayaƙinsa na ɗauke da iska mai guba marar wari, wadda ta sha hallaka iyali guda a dare ɗaya a ƙasar nan. Mai ajiye babur a zaure ko a falo don tsoron ɓarayi ya tuna tankin mai ne ya shigar cikin gida, kusa da kurfoti. Masu manyan babura ma da kansu ba sa taɓa birki mai kwamfuta, sun san iyakarsu.

Ragowar maganar ta masu rubuta takardun gwamnati ce, waɗanda da yawansu ke karanta wannan shafi. Shekara kusan ashirin ke nan hukuma ba ta kallon babur sai ta fuskar tsaro da cunkoso. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a watan Oktoba na 2006. Kano ta hana a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Jihohin Arewa maso Yamma sun sha taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga. A Abuja lokaci zuwa lokaci akan tara ɗaruruwan baburan da aka kama a murƙushe su a gaban 'yan jarida. Kowanne daga waɗannan matakai yana da dalilinsa, ba a nan za a yi jayayya da su ba. Matsalar ita ce, a cikin wannan hayaniya an manta da mai babur na kansa, mai lamba, mai lasisin aji A, wanda ba fasinja yake ɗauka ba. Shi ne ake tarewa a yi masa kallon mai laifi ko da ya nuna katin aiki, kuma shi ne babu wata manufa da ta tuna da shi.

Alhali gwamnati na da ruwa da tsaki a lafiyarsa, ko da ta fuskar kuɗi kawai aka duba. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke aiwatarwa, ta ƙirga hatsarin da ya samu ma'aikaci a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki cikin waɗanda ake biyan diyya a kansu. Ke nan kan da ya fashe a Masaka da ƙarfe bakwai na safe, bashi ne a kan mai ɗaukar aiki. A haɗa da watannin da kujerarsa za ta zauna babu kowa, da abin da inshorar lafiya za ta biya, da marayun da za su bi layin haƙƙoƙin mamaci. Hular kwano ta gaske ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba. Tarar da ta daɗe a jadawalin FRSC kan rashin sa ta Naira 2,000 ce, kuma ƙara ta ba zai haifar da komai ba illa sabon ciniki a shinge, muddin ta jabu ce ke cike da kasuwa. Aikin na Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ne da Hukumar Kwastam: a hana marar inganci shigowa, a sassauta haraji a kan mai inganci, domin abin da ke kare rai bai kamata a yi masa kuɗin fito kamar kayan ƙawa ba.

Akwai kuma abin da ba ya jiran Majalisa. Ma'aikatu da hukumomi da yawa na da masu kai wasiƙu a kan babur, akwai kuma 'yan rakiya da ke gaban ayarin manya. A duba abin da ke kansu, a kuma duba ranar da aka yi wa baburansu juye na ƙarshe. Jami'in da ke sa hannu a sayo babura goma ba tare da layin kayan kariya da na kulawa a cikin takardar ba, rabin aiki ya yi. Wurin ajiye babura mai inuwa a harabar ofis, da ɗan kabad da mutum zai kulle hularsa, zai kawar da uzurin da aka fi bayarwa, wato babu inda za a ajiye ta. Ƙungiyoyin masu sha'awar babura, waɗanda dama sukan yi ziyarar gidajen marayu da gangamin lafiya, da wuya su ƙi gayyatar wata Asabar guda su nuna wa ma'aikata yadda ake ɗaure kaca da yadda ake taka birki a jiƙaƙƙen titi. Zai ma fi musu amfani wajen wanke sunansu fiye da kowace sanarwa.

Mafi kusa da hannu su ne ƙungiyoyin adashin ma'aikata, waɗanda su ne ke raba babura bashi ana cira daga albashi. Suna saye da yawa, don haka suna da bakin yin ciniki. Babu abin da zai hana su sa wa dillali sharaɗi cewa kowane babur ya zo da hula biyu masu inganci, da gejin iska, da ƙunshin kayan gyaransa da littafinsa, waɗanda sau da yawa ke ɓacewa tsakanin kwali da ƙofar shago. Ƙarin da zai hau kan bashin, in aka raba shi wata goma sha biyu ko ashirin da huɗu, ba zai kai kuɗin katin waya na wata ba. Abin da fom ɗin neman rancen ke buƙata shi ne ƙarin layi ɗaya na awon kai, domin hular da ta yi wa mutum yawa tana juyawa ko ta fice lokacin bugu. Da tef ɗin tela ake aunawa, a zagaya kai daga ɗan saman gira. Santimita 57 zuwa 58 shi ne matsakaici a wurin yawancin kamfanoni, kuma yara nasu awon daban ne, ba a ɗora musu ta babba.